Lokaci ne ke gudu ko mu ne muka daina ganinsa?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambayar da ta daɗe tana cina. Duk wanda ka taɓa a garin nan namu na Sakkwato sai ya ce maka lokaci ya lalace da gudu. Juma'a na bin Juma'a, ba a gama biyan tela kuɗin ƙaramar Sallah ba an shiga cigiyar rago. Amma yaran da nake karantarwa a aji uku, zangon karatu ɗaya a wurinsu ba ya ƙarewa, kullum suna tambayata yaushe za a yi hutu. Agogo ɗaya muke kallo ni da su. Shin akwai abin da mutum zai yi da kansa ya rage wa lokaci gudu, ko ya ƙara masa idan yana cikin wuya? Ko abu ne da aka ɗora mana, sai haƙuri?

Baba Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wagga magana ba sabuwa ta ba. Albarka ta anka ɗauke. Muna yara, ka tashi da asuba ka tahi makarantar allo, ka dawo ka kai ma mutanen gona hura, ka yo ma awaki ciyawa, ka tai gulbi ka yi wanka, ka dawo rana tana nan tsaye ba a ko kira la'asar ba. Yanzu kau ka hita Tsohuwar Kasuwa sayen abu guda, kahin ka dawo an yi azahar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya hwaɗi haka za a yi. Mi mutum ka iya yi ma abin da anka rubuta?

Ustazun Mabera:
Baba ya yi gaskiya, hadisin yana nan. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa alƙiyama ba za ta tsaya ba sai zamani ya kusanci juna, shekara ta zama kamar wata, wata kamar mako, mako kamar yini, yini kamar sa'a. Sai dai malamai ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Da yawa sun ce cire albarka ake nufi. Wasu sun ce gajarta ce ta zahiri. Wasu malaman baya-bayan nan suka ce saurin tafiya da saurin isar labari ne, tunda hanyar Makka da kakanninmu suka yi wata da watanni a kanta, wasu ma shekaru, yanzu 'yan awowi ce a jirgi. In albarka ce kuwa, Baba, ai albarka ana nemanta, ƙofar ba a rufe take ba. Abu ɗaya nake roƙo: duk yadda muhawarar ta yi zafi kada wani ya zagi zamani, an hana mu a hadisi ƙudusi.

Ɗalibin Kimiyya:
Allah shi gafarta Malam. Bari in fara kawar da maganar agogo gefe. Yini yana nan awa 24, bai ragu ba. Akwai ma abin da nake ganin yana ruɗa mu: shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta boko 365. Albashi da haya da kuɗin makaranta suna bin ta boko, azumi yana bin wata, don haka kowace shekara yana riga na bara zuwa da kwana 10 ko 11. Wanda ya ji azumi ya yi saurin zagayowa bai yi ƙarya ba.

Ana iya rage wa agogo gudu? Ana iyawa, amma ba yadda zai amfani kowa a nan ba. Masanin kimiyya Einstein ya nuna tun 1905 cewa agogon da ke cikin abu mai tsananin gudu yana jinkiri idan aka gwada shi da wanda aka bari a baya, a 1915 kuma ya ƙara da cewa ƙarfin jan ƙasa ma yana taɓa shi. A 1971 aka ɗora agogunan atam a jiragen fasinja suka zagaya duniya, suka dawo sun saɓa da na ƙasa yadda lissafi ya ce. Taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda wayoyinmu ke nuna hanya da su, agogonsu yana riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan ɗaya kowace rana, dole aka yi masa gyara. Mutumin da ya yi wata shida a tashar sararin samaniya, abin da ya rage masa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba.

Baba Direba:
To ka gani, ɗana. Duk wanga dogon karatu, ƙarshenai ba a iyawa.

Ɗalibin Kimiyya:
Na agogo ne ba a iyawa, Baba. Malam kuwa ina jin wanda ke cikin ƙirji yake tambaya.

Tela Rijiyar Ɗorowa:
Na cikin ƙirjin ni zan ba da shaida a kansa. Goman ƙarshe ta azumi, shagona cike da shadda da yadi, kowa ya ajiye nasa da alkawari. Bayan tarawi na hau keke. Janareto na ƙara, yaro na guga, wani na sa maɓalli, ni kaina yana kan wuyan riga. Wallahi sai dai in ji an fara kiran sahur, in ɗaga kai in ce wa ya kira da wuri. Amma a azumin nan dai, ranar da man janareto ya ƙare ko babu wuta, na zauna bakin shago daga la'asar ina jiran magariba, wannan ɗan tsakanin ya fi mini daren nan gaba ɗaya tsawo. Ban canza komai ba sai aiki a hannu da rashinsa. Ba banza ba ake cewa goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin Sallah. Kwana goma-goma ne duka, amma ta tsakiyar ba ta tafiya.

Mai Albasa na Wurno:
Mutanen Maiduguri suna riga mu shan ruwa da kusan rabin awa, ga shi agogonmu ɗaya da su. Wannan fa?

Ɗalibin Kimiyya:
Wannan rana ce, Alhaji. Suna gabas da mu, tana riga fito musu tana riga faɗuwa, sahur ɗinsu ma yana riga namu ƙarewa. Ba ragi suka samu ba.

Nas Gawon Nama:
Ni aikin dare nake yi a ɗakin majinyata. Abin da tela ya faɗa nake gani kullum, amma ta fuskar da ta fi ciwo. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare, ni ina zagaye, ina duba ruwan da aka ɗaura, ina rubuta zafin jiki, ban san ya wuce ba. Matar da ke zaune kan tabarma gefen gadon ɗanta kuwa, idonta yana kan ɗigon ruwan nan, ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce mini, "'Yar nan, ƙarfe nawa?" In gaya mata. In je gado biyu in dawo, ta sake tambaya, ta rantse an yi awa guda, alhali minti goma bai cika ba. Ita wace dabara za a ce ta yi? Hankalinta ba zai bar wurin ba ko an biya ta.

Masu zazzaɓi ma haka. Tun 1933 wani masani ɗan Amurka, Hudson Hoagland, ya lura matarsa tana fama da zazzaɓi tana ƙorafin ya daɗe da fita alhali bai daɗe ba. Ya riƙa sa ta ƙirga har 60 da saurin da take jin sakan ne. Duk sa'ad da jikin ya ƙara zafi, sai ta ƙara saurin ƙirgar. Wato jiki ma yana da hannu a ciki, ba tunani kaɗai ba.

Malama Runjin Sambo:
Na karanta duka, kuma ina ganin kowa gaskiyarsa ya faɗa, sai dai abu biyu ake cakuɗawa. Akwai tsawon lokaci sa'ad da kake cikinsa, akwai tsawonsa sa'ad da ka waiwayo. Ba ma'auni ɗaya ke auna su ba, sau da yawa ma juya wa juna baya suke yi.

Sa'ad da kake ciki, hankali ne ma'auni. In hankalinka yana kan lokacin, kana jira, kana jin yunwa ko ciwo ko tsoro, sai ya miƙe. In yana kan wuyan riga irin na tela, sai ya shige ba sallama. Idan ka waiwayo kuwa, ba hankali ake tambaya ba, abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye ake ƙirgawa. Ta ajiye da yawa, ka ce an daɗe. Ba ta ajiye komai ba, ka ce jiya-jiya ne. Ita kuwa ba ta wahalar da kanta wajen ajiye abin da ta saba gani.

Wani Bafaranshe mai nazarin duwatsu, Michel Siffre, ya shiga kogo ƙarƙashin ƙasa ranar 16 ga Yuli 1962, babu agogo, babu hasken rana. Da aka sanar da shi ranar 14 ga Satumba cewa wa'adi ya cika, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Kwana 25 sun ɓace masa, don babu abin da ya bambanta yau da jiya a cikin duhun nan. A ɗaya ɓangaren kuma, a binciken da David Eagleman da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, an riƙa sako mutane daga hasumiya su faɗa cikin raga, faɗuwar da ba ta kai sakan uku ba. Da aka ce su kimanta tsawon tasu faɗuwar, sai suka ba ta kusan kashi ɗaya bisa uku fiye da ta waɗanda suka kalla. Amma an ɗaura musu na'ura a hannu mai walƙiya da lambobi da saurin da ido ba ya kamawa, don a ga ko tsoro zai sa su iya karantawa. Ba su iya ba. Lokacin bai tsaya musu ba, tsoro ne ya sa ƙwaƙwalwa ta kwashi komai, da suka waiwayo sai suka tarar da kaya da yawa.

Yaranka, Malam, komai sabo ne a wurinsu. Baba kuma, Allah ya ƙara girma, hanyar Tsohuwar Kasuwa ƙafarka ce ke binta, kai ba ka ma ganinta.

Hajiya Kofar Marke:
Malama, kin faɗi abin da na daɗe ina ji ban san yadda zan faɗa ba. Kwanakin matar gida irin kwanukan jere ne, iri ɗaya, wani yana shigewa cikin wani, goma su ci wurin guda. Shara, wanke-wanke, ɗora tukunya, sauke tukunya, yara su tafi, yara su dawo. In an ce in faɗi abin da ya faru watan jiya sai in yi shiru. Amma shekarar da Allah ya kira ni Hajji, kwanakin Madina kaɗai, har yau ina iya faɗa miki abin da na gani kowace safiya, ƙofar da muka shiga, matar Indunisiya da ta matsa mini a sahu, sanyin daɓen ƙarƙashin ƙafata. A can ina ganin ranakun suna gudu, ina kukan za su ƙare. Da na dawo sai na ji kamar na shekara.

Malamin Firamare:
Ke nan amsar ita ce a riƙa sabon abu? Na taɓa jin wani bayanin daban, cewa lissafi ne kawai: shekara ɗaya ga ɗan shekara 10 kashi ɗaya bisa goma ce ta rayuwarsa, ga ɗan 50 kuwa ɗaya bisa hamsin. In haka ne babu magani, tunda ba wanda zai koma yaro.

Malama Runjin Sambo:
Tsohon bayani ne, wani Bafaranshe Paul Janet ya kawo shi tun 1877. Yana da daɗin ji, amma ni bai gamsar da ni ba. Da lissafin nan ne kaɗai, da kwanakin Madina ba su yi wa Hajiya tsawo ba, tunda ba yarinya ba ce sa'ad da ta je. Shekaru suna zuwa da sabawa, sabawar ce ke cinye kwanakin. Ita kuwa sabawa ana iya taɓa ta ko kaɗan ne.

Mai Kabu-kabu:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ko ba za ta yi daɗi ba. Wannan magana ta masu hali ce. Hajji, sabon wuri, sabon abu. Ni da asuba nake tada mashin, daga Dandima zuwa Kasuwar Kara, daga Kara zuwa tasha, har dare. Sai na haɗa balas na mai mashin, na haɗa na mai, kafin in fara neman na hatsi. Rana ta Afrilu tana dukana, zafi ya haura 40, kwalta na tururi. Wane sabon abu zan yi? Yinina dogo ne don wahala, shekarata gajera ce don babu abin tunawa a cikinta. Duka biyun an cuce ni. Kuma ba ni na zaɓa ba.

Ɗan Yajin Aiki:
Yaya, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Yajin aikin jami'o'i na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas muna gida. Kowace safiya doguwa, ka kwanta ka tashi ka duba waya ko an janye. Yau in ka tambaye ni me na yi a watannin nan, ba ni da abin faɗa, kamar an yanke su daga rayuwata. Wanda ke jiran fansho, wanda ke jiran sakamakon ɗaukar aiki, wanda ke layin mai, duk lokacinsu a hannun wani yake. A ce musu su sarrafa shi, ai an ƙara musu ciwo ne.

Malama Runjin Sambo:
Ba zan musa muku ba, ƙannena. Wanda aka tsare a layi ba shi ya miƙe yininsa ba, kuma duk wanda ya ce laifinsa ne bai yi adalci ba. Abin da nake cewa ƙarami ne, ban ce zai biya balas ba. Sabon abu ba sai da kuɗi ba. Haddar sura ɗaya da ba ka da ita, koyon ɗaurin waya ko gyaran kabureta a wurin abokinka, zuwa gaida gwaggon da ka shekara ba ka taka gidanta ba. Waɗannan su ke zama alama a cikin shekara, ka ce kafin kaza, bayan kaza.

Abin da na fi jin tsoro shi ne wanda muke yi wa kanmu da hannunmu. Jan allon waya, bidiyo bayan bidiyo, yana kama hankali har awa biyu su wuce ba ka sani ba, ga shi ba ya barin komai a ƙwaƙwalwa. Tambayi kanka bidiyo nawa za ka iya tunawa cikin na daren jiya. Tela ya rasa darensa amma ya tashi da riguna a rataye. Mai waya ya rasa daren, ya rasa tunawa da shi.

Mai Kabu-kabu:
Wayar nan ita kaɗai ce hutuna, Malama. In na dawo jikina na ciwo, ita ke sa in manta.

Malama Runjin Sambo:
Na sani, kuma ban ce ka jefar da ita ba. Mantawar kake saye, da lokaci kake biya. Ka dai san farashin.

Baba Direba:
Kun yi ta kawo Turawa. Ga tambaya tau. Shehu Usmanu an haihe shi 1754, ya rasu 1817. Cikin wanga tsakani ya yi yawon wa'azi Gobir da Zamfara da Kabi, ya yi hijira Gudu 1804, anka yi jihadi, kuma ya bar littattafai sun hi ɗari. Muhammadu Bello ya riƙe daula shekara ashirin, ga yaƙi, ga gina ribaɗi, ga shari'a, kuma yana rubutu har kan magani. Nana Asma'u ga gida, ga karantar da mata ta hannun jajjai, malamai mata da take turawa ƙauyuka, ga waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da tawada da alƙalamin kara, da hitilar mai. Awa 24 ɗin ga dai ta. In ba albarka ba, mi na na?

Ustazun Mabera:
Albarka ce, Baba, babu mai ja. Amma dubi inda aka ce a neme ta. Annabi ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma Sakhar al-Gamidi da ya ruwaito hadisin ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, ya kuwa yi arziki. A Bukhari da Muslim an ce wanda ke son a yalwata masa arziki a jinkirta masa ajali ya sada zumunci, malamai da dama suka fassara jinkirin da albarkar kwana. Ga hadisin ni'ima biyu da mutane da yawa ke asara a kansu, lafiya da sarari. Duk waɗannan aiki ne aka ba mu, ba labari ba. Har gaida gwaggo da Malama ta ambata, ni a nan na san shi kafin in ji daga bakinta. Alƙur'ani ma ya nuna mana kimantawar mutum ba abin dogaro ba ce: mutanen kogo sun yi shekara 309, suka tashi suna cewa yini ɗaya ko sashen yini.

Ɗalibin Kimiyya:
Allah shi gafarta Malam, ina da ɗan ja a nan. Yawan abin da mutum ya aikata daban, yadda ya ji tsawon kwanakinsa daban. Mai yiwuwa ne mutum ya rubuta littafi ɗari kuma ya ji shekarunsa sun yi gudu, kamar daren tela.

Ustazun Mabera:
Mai yiwuwa ne. Ni dai in aka ba ni zaɓi, wannan gudun nake so.

Nas Gawon Nama:
Ina so in koma kan masu jira, don su ne maganar ta fi shafa kuma an wuce su da sauri. Akwai abu ɗaya da na ga yana aiki, kuma ba a hannunsu yake ba, a hannunmu yake. In na ce wa mai jinya "likita na nan zuwa", ta shiga azaba, duk takun da ta ji a baranda sai ta miƙe. In na ce mata "ba zai zagayo ba sai bayan ƙarfe takwas, ki je ki yi salla ki sha koko, ina nan", sai ka ga kafaɗunta sun sauka, har ta ɗan runtsa. Awowin ba su ragu ba. Jiran da aka san iyakarsa ne ya fi wanda ba a sani ba sauƙi nesa ba kusa ba.

Ɗan Yajin Aiki:
Wallahi Anti haka ne. Da an ce mana tun farko wata takwas ne, da na shiga koyon sana'a na gama. "Mako mai zuwa" ce ta kashe mu.

Mai Kabu-kabu:
To masu aikin ofis da ke cikin zauren nan kun ji. In takardar mutum sai wata uku, ku ce masa wata uku. Ina ɗauko tsofaffi masu bin fansho, kuɗin mashin ma wani sai ya ranta, a ce masa ya dawo jibi, jibi a ce ya dawo Litinin.

Ma'aikacin Sakatariya:
Na ji, kuma ba zan kare abin da ba shi da kyau ba. Amma sau da yawa mu ma da ke kan tebur ba a gaya mana ranar ba, fayil yana sama yana jiran sa hannu. Kunya ce ke sa mu ce jibi, don tsoho yana tsaye gabanka da hularsa a hannu. Daga gobe in sha Allahu wanda ya zo wurina zan karɓi lambarsa, in ce ya zauna gida sai na kira shi. Abin da ke hannuna ke nan, na sama kuma sai ku tayar da maganar inda za su ji.